Wa Ke Shan Batirin Gwaggo

Ina tsugune a bakin famfo ina wanke kofunan shayi labarin ya same ni. Babur na ji ya tsaya a ƙofar gida, sai ga Yaya Babba, wan mijina, ya shigo ba sallama. Mutumin da ko da tsakar rana sai ya yi ta gyaran murya kafin ya leƙo. Hularsa a hannu. Ya dube ni, ya dubi taraktar da ke tsaye a ƙarƙashin rumfa, ya ce, "Sa mayafinki."

Na ce, "Lafiya, Yaya?"

Ya ce, "Ki dai sa."

Babbar mota ce ta haɗa da baban 'yata a kan babur, ya tafi gari sayo filtar mai. Ko asibiti bai kai ba.

Ku yi haƙuri da rubutuna, 'yan uwa. Karatuna bai yi nisa ba, kuma abin da na tuna nake faɗa muku, yadda ya zo min.

Mijina direban tarakta ne. Tasa ce, ja ce tsohuwa, da ita yake yi wa mutane huɗa da damina, da rani ya ɗauko musu yashi da taki. Gwaggo yake kiranta, wai ita ma sai an gaishe ta an lallaɓa kafin ta amsa. Gidanmu a ƙarshen gari yake, daga mu sai gonaki, don haka ƙararta ce agogonmu. In ta tashi da safe na san lokacin ɗora ruwan zafi ya yi. In na jiyo ta daga nesa da yamma, sai in shiga ɗaki in canza zani.

Da watanni suka ja, Yaya Babba ya tara mu a falo, ni da Innata. Ba mugu ba ne, kada ku zage shi. Mutum ne mai shago, abin da ba ya motsi a wurinsa asara ne. Kafin ya zauna sai da ya hau Gwaggo ya murɗa makulli. Ta ce ƙas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta sake cewa ƙas.

Ya ce, "Kin ji ko? Shekaran jiya da na zo bugu ɗaya ta tashi. Yau ta ce ba ta san ni ba. Wane direba ne zai karɓi aikin mutane da wannan? Rabon marainiya ne. A sayar tun tana da daraja."

Na ce, "Yaya, a bar ta ta yi aiki. Da ita za mu ci, da ita yarinya za ta yi makaranta."

Inna ta harare ni. "Ƙarfe ne zai rufa miki asiri? Ke kaɗai a bakin daji, da ke da yarinya da mataccen inji. Ki tattara ki dawo gida. Ɗakinki na nan, buhuna kawai za a kwashe."

Na san ɗakin. Na san kuma duk wanda Inna ta gani da takalmi mai kyau za ta ce ya zo ya gaishe ni.

Yaya Babba ya ce to, a yi adalci. Zai turo mai gyara. In Gwaggo ta koma tashi kullum ba fashi kafin ruwan farko ya sauka, zai nemo direba ta zauna. In kuwa ta ci gaba da halinta, akwai mai saye a hannu, ni kuma in bi Inna.

Akwai abin da ban faɗa musu ba. Ku zan faɗa wa. Kullum da sassafe, kafin 'yata ta farka, ina ɗaukar makulli daga ƙusar bayan ƙofa in hau. In duba giya tana firi, yadda ya koya min, in taka kulochi, in murɗa. In ta tashi sai in zauna ina jin kujerar na rawa a ƙarƙashina, hayaƙin na shiga mayafina, kamar yanzu zai fito yana ɗaure agogo ya ce in sauka kar in ɓata masa saitin kujera. Ba na daɗewa, tausayin mai nake ji. Da ƙirjina ya ɗan saki sai in kashe. Ran da ta ƙi tashi kuwa, wuni nake da ciwon kai, in share tsakar gida in sake sharewa. A zatona ma gata nake mata, don ya sha cewa injin da aka bari a zaune tsatsa ke cinye shi. Kunya ta hana ni faɗa. Kar a ce ban ɗauki ƙaddara ba.

Mai gyaran da aka turo na san shi. Mai Batir ake ce masa, shagonsa na bakin titi, batura jere a ƙasa kamar tukwane. Da can in ya biyo mijina gida, rigarsa duk ruwan batir ya huhhuje ta, daga nesa yake cewa, "Matar oga, ina wuni." Ran nan sai ga shi da shuɗiyar riga a goge, har da ƙanshin turare. Ya naɗe hannun rigar a hankali kamar mai shirin alwala.

Ya ɗora wata 'yar mita mai wayoyi ja da baƙa a kan batir, ya ce caji ya yi ƙasa. Ya nuna min wani farin gari da ya taru a kawunan batirin, ya ce wannan ke hana wuta wucewa. Ya nemi ruwan zafi, ya wanke, ya kankare, ya shafa giris, ya ɗaure da sifana. Ya tafi da batirin ya kwana a caji, ya dawo da shi. Gwaggo ta tashi da ƙarfi har kaji suka watse.

Da yamma saƙo ya shigo wayata.

"Ina fatan mara lafiya ta samu sauƙi. Ke ma Allah ya ƙara haƙuri."

Na lura babu "matar oga" a ciki. Na rubuta "Amin", na kife wayar a kan gado.

Ba a yi nisa ba Gwaggo ta koma halinta. Yaya Babba ya zo da yamma, ta ce masa ƙas. Mai Batir ya dawo. Wannan karon fambel, robar da ke juya altaneta, ya danna da yatsa, ya ce ya saki, altaneta ba ta juyawa yadda za ta mayar wa batir abin da ya bayar. Ya ɗaure. Ta tashi, ta kwana, ta tashi, sannan ta ƙi. Ya sake dawowa ya kwance kik, wato ɗan injin da ke fara juya babban, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya baje kayan cikinsa, ya goge, ya mayar. 'Yata na zaune a kan turmi tana cin biskit ɗin da ya kawo mata. Kowane zuwa da rigarsa daban. Kowane zuwa da saƙo bayansa.

"Na manta sifana mai lamba goma a kan taya. A ajiye min."

"Shayin yau ya fi na jiya. Ko hannun ne ya saki?"

Na ƙi amsa wannan. Amma na karanta ya fi a ƙirga, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma na ji haushin kaina.

Sai Inna ta kira ni tana dariya ƙasa-ƙasa. "Yaron nan mai batir ya zo gaishe ni. Da lemo. Yana da hankali, ga sana'a, ga bai taɓa aure ba."

"Inna, gyara aka turo shi."

"To ai gyaran yake. Ni dai na faɗa masa gaskiya. Na ce muddin ƙarfen nan na numfashi ba za ki bar gidan nan ba."

Na ajiye wayar. Na fita tsakar gida na dubi gabas. Hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa, iska ta canza, maƙwabtan gona sun fara share kara. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. Wato kenan shi ribarsa Gwaggo ta mutu. In ta mutu a sayar, in koma ɗakin buhuna, shi kuma ya zo da lemonsa. In kuma bai kai nan ba, ai kowace ƙin tashi dalilin zuwa ne.

Da ya zo washegari ko mayafin kirki ban nema ba, tsohona baƙi na yafa. Ban kawo shayi ba.

Na ce, "Malam, tambaya zan yi. Gyara kake ko jan rai?"

Yana kwance a ƙarƙashin Gwaggo, ƙafafunsa kawai nake gani. Suka daina motsi.

"Kamar yaya?"

"Ka wanke, ka ɗaure, ka kwance, ka mayar. Ita kuma tana nan jiya i yau. Ka je wurin Inna, na ji. In so kake a sayar, ka faɗa min in nemi wani."

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, bai dube ni ba. Ya ce, "Hau ki murɗa."

Na hau na murɗa. Ƙas.

Ya sa hannu ta ƙasa ya girgiza wani abu. "Sake."

Ta tashi.

Ya sa na kashe, ya kira ni na tsuguna. Wata waya ce mai kauri da ta fito daga batir ta kama jikin ƙarfen taraktar, can a lungu bayan taya inda ido ba ya kaiwa. Daga waje lafiya lau. Da ya janye robar, ciki duk ya zama kore, rabin silin ya tsinke.

"Wuta in ta fita sai ta dawo ta nan," in ji shi. "In wayar ta zauna daidai, ta tashi. In ta ɗan goce, ƙas. Shi ya sa yau e, gobe a'a. Tun zuwan farko ya kamata in leƙa nan, ban leƙa ba. Wannan sakacina ne. Amma oga ne ya fara kawo min aiki ran da na buɗe shago ba kowa. Ba zan kashe masa Gwaggo don in samu shiga ba."

Ya sa sabuwar waya, ya kankare wurin har ƙarfen ya yi fari, ya ɗaure. Ya tafi ko ruwa bai sha ba. Ran nan ba saƙo. Na yi ta duba wayata har caji ya ƙare.

Na ɗauka an gama. Ƙas ɗin ya tafi, gaskiya ne. Sai wani sabon abu ya fito fili. Kwana kaɗan tana tashi garau, sai ta fara juyi a kasalance, uu, uu, kamar tsohuwar da aka tasa daga barci, daga nan ta ƙi gaba ɗaya. Yaya Babba ya zo ya tarar da ita haka. Ya dubi sama, ya dube ni.

"Ƙanwata, na yi haƙuri. Mai saye zai zo ƙarshen mako. In ta tashi a gabansa, ta kuma ci gaba da tashi, na ba ki gaskiya. In ta ƙi, kada ki ce na zalunce ki."

Na kira Mai Batir da kaina. Na ce ya yi haƙuri da maganar ran nan. Ya ce ba komai, a taƙaice. Ya zo da tsohuwar rigarsa mai huji. Ya gwada batirin, ya ce lafiyarsa ƙalau, yunwa kawai yake ji. Ya gwada altaneta, tana bayarwa. Ya cire kan batir ɗaya ya haɗa ɗan ƙwan fitila a tsakani, wai in akwai inda wuta ke zurarewa alhali an kashe, ƙwan zai kama. Ƙwan bai kama ba. Ya zauna a kan taya ya riƙe kai.

"Ba ɓarawo a wayoyin nan. Amma wani na shan batirin nan. Ana taɓa ta?"

Na ce, "Wa zai taɓa ta?"

Har ga Allah ban haɗa abin da nake yi da tambayarsa ba. Ko kuma na haɗa, zuciyata ta ƙi karɓa. Ban sani ba.

Ya tafi da batirin ya cika shi, ya dawo da shi da yamma. Washegari da sassafe na hau kamar kullum. Ta tashi da murya cikakkiya, irin ta da. Na zauna na rufe ido. Na kashe, na sauka, ina rataye makulli kenan na ji sallama. Ya zo da wuri don ya auna batirin kafin rana ta yi. Ina sanye da tsohuwar rigar sanyin mijina a kan zani, ban samu na cire ba.

Ya ajiye jakarsa. Ya shaƙi iska. Ya miƙa bayan hannu ya taɓa salansar Gwaggo, bututun hayaƙi, ya janye.

"Da ɗumi," ya ce.

Na ja rigar sanyin na rufe jikina.

"Kullum?"

Na ɗaga kai.

"Kina daɗewa?"

"A'a. Ina tsoron mai. In na ji muryarta kawai."

Na jira ya yi dariya, ko ya ce ashe mai neman ɓarawo ita ce da kaya a ɗaki. Da ni ce shi, bayan abin da na faɗa masa, da na rama. Ya jawo turmi ya zauna, ya yi ƙasa da murya don kar yarinya ta farka.

"Tada babban inji irin wannan, ba abin da ke cin batir kamarsa. Abin da ta ɗiba a tashi ɗaya, sai ta yi aiki mai tsawo a gona take mayarwa. Oga na tada ta ya wuni yana huɗa, ta dawo a ƙoshe. Ke kina tada ta ki kashe. Kullum ana ɗiban ruwa a randa ba a zubawa."

Na ce, "Na ɗauka gata nake mata."

"Na sani."

Hawayen da na riƙe a gaban Yaya da Inna, a gaban mai rigar huji suka zubo. Na juya baya na goge da hannun rigar sanyin.

"Yanzu ya za a yi?"

"Zan sake cika shi. Daga nan kada ki taɓa makulli har mai saye ya zo. Bayan nan ma, wanda zai fita da ita aiki shi kaɗai zai tada ta." Ya buɗe jakarsa. "Yaya ba zai ji daga bakina ba. Zan ce waya ce, kuma ba ƙarya na yi ba."

"Ka san in ta gyaru ba inda za ni?"

"Inna ta faɗa min." Ya fara kwance kan batirin. "In ta gyaru kuma ba ni da abin zuwa yi. Duk na lissafa. Miƙo min sifanar da na bari."

Kwanakin nan da suka biyo baya ba na fatan ko maƙiyina ya gan su. In farka a lokacin da na saba, ƙafafuna su kai ni bayan ƙofa da kansu. Na cire makullin daga ƙusa na sa a cikin tulun da ba ma amfani da shi, na ɗora tire a kai. Na sake fito da shi na kulle a akwati, na tura akwatin ƙarƙashin gado. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba, ko ran da aka kawo labarin akwai mutane. Na wanke labulen da ba su yi datti ba. Na tsefe wa 'yata kai na sake kitsawa har ta ce, "Mama, zafi." Wata safiya na hau na zauna a kujerar hannu wofi, na riƙe sitiyari, na sauka.

Mai saye ya zo da Yaya Babba da hantsi, wani gajere mai babbar waya a kunne, yana bubbuga tayoyi da ƙafa. Sama ta haɗe, iska na ɗaukar ledoji. Na sa doguwar rigata ruwan toka na tsaya a ƙofar ɗaki. Na miƙa wa Yaya makulli.

Bai gama murɗawa ba ta ɗauka.

Ya kashe ya sake. Ta ɗauka. Gajeren ya ce, "To ai lafiyarta ƙalau, sai mu yi magana." Yaya Babba ya sauko yana kaɗe riga, ya ce, "Sai dai ka yi haƙuri, Alhaji. Na yi alkawari a gidan nan." Ya fita da ita da kansa ya zaga gonaki har azahar, ya dawo fuska duk ƙasa yana dariya kamar ba shi ba. Ya yi ta zuwa kullum yana gwadawa, ba ta ba shi kunya ba. Ruwan farko ya sauka ta riga ta samu direba, wani dattijo mai furfura da ba ya son surutu.

Inna ta yi fushi, ta huce, ta koma cewa yaron nan dai ɗan halak ne, wani ne da ya bar ƙarfen ya mutu. Na ce mata na ji.

Yanzu dattijon ke tada ta da safe. Ina jin ƙarar daga ɗaki, ba na fitowa sai sun yi nisa, don har yau idona bai saba da wani a kujerar nan ba. Mai Batir bai sake zuwa ba. Saƙo ɗaya ya turo ran da aka yi ruwa.

"A riƙa goge saman batirin, kar laima ta zauna. In ruwansa ya yi ƙasa, a kira ni. In bai yi ba ma, lambar ita ce dai."

Aikin da ya rage min kenan. Kullum da yamma in dattijon ya ajiye ta ya tafi, ina ɗaukar tsumma in goge saman batirin, in buɗe murafun in leƙa. Ruwan na nan a cike. Sai in zauna a kan taya in ciro waya in rubuta, "Ruwan batir ya yi ƙasa." In dube shi, in goge.

Yau ma na rubuta. Ina riƙe da wayar 'yata ta kira ni daga ɗaki, na sa ta a aljihu na tashi, ban goge ba tukuna.